Maigandi da Ɗan Takara Mai Tozo

A bakin tashar motar Wurno akwai wata rumfar cajin waya ta wani saurayi da ake kira Maigandi. Wayoyi uku yake yawo da su, ɗaya ce ke aiki, sauran biyun kuwa ya ce na tsaro ne. A shafukansa ba Maigandi ake ce masa ba, Janar ne, Janar na Matasan Gabas. In aka yi juyin mulki a wata ƙasa, shi ya hango tun bara. In farashin albasa ya faɗi, shi ya gargaɗi manoma suka ƙi ji.

A shekarar ne wa'adin shugaban Ƙungiyar Matasan Albasa ta Wurno da Rabah da Goronyo ya ƙare. Kujerar ta yi daraja a lokacin, domin babban zaɓe ya matso, kuma shugaban ƙungiya ne zai zauna da 'yan takarar majalisa ya miƙa musu buƙatun matasa: kwalbatin hanyar Dinawa da ruwa ya cinye, da rumbunan ajiyar albasa, da sakin ruwan dam a kan kari. A da, in za a yi zaɓe, kowa bayan gwaninsa yake tsayawa a filin firamare a ƙirga kawuna. Da aka kawo maganar a taro, sai Maigandi ya miƙe ya gyara wayoyinsa.

"Layi? Kamar masu jiran kananzir?" in ji shi. "Duniya ta tahi ta bar ku nan zaune. Cikin zauren WhatsApp na ƙungiya za mu yi shi. Kowa ya dangwala daga gonatai, ba zufa, ba maguɗi. Ku bar mani, ni ka tsara komi."

Mutanen Goronyo suka ga an rage musu tafiya, suka amince. Aka naɗa Malam Obadiah baturen zaɓe. Malamin sakandare ne, mutumin Zuru, shekararsa goma sha biyu a Wurno, kuma ba ya noma ko kan albasa guda, don haka ba shi da ɓangare. Maigandi da kansa ya rubuta dokokin zaɓen, ya karanta su a bidiyo sau uku, kowane karo da hula daban.

Sannan shi ma ya tsaya takarar kujerar. Mutum ɗaya ce ta fito karawa da shi, Suwaiba 'yar Rabah, wadda ta yi karatun aikin gona take sana'ar busar da albasa da tafarnuwa. Ba ta da yawan magana. Ita dai an taɓa ganinta da tef tana auna ramin kwalbatin Dinawa. Maigandi ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya kunna waya ya ce wa duniya, "Wagga yarinya? Ko raƙumin Mode anka tsaida sai ya hi ta ƙuri'a."

Mode wani Bafillace ne na Dinawa mai ɗaukar buhunan albasa daga fadama zuwa kasuwa da wani tsohon amalen raƙumi. Sannu ake kiran raƙumin, domin tun da aka san shi ba a taɓa ganin ya yi sauri ba. Maigandi ya ga maganar tasa ta yi daɗi, ya ce bari ya tabbatar da ita a gaban jama'a. Da ya zo buɗe ƙuri'a sai ya jera sunaye uku: nasa, na Suwaiba, da Sannu Raƙumin Mode. Lissafinsa shi ne ya zo na ɗaya, raƙumi na biyu, Suwaiba ta uku, ta yadda ba za ta ƙara ɗaga kai a Rabah ba. Aka ba jama'a kwana bakwai su dangwala.

Kafin la'asar ta ranar farko, Sannu na da ƙuri'a casa'in da huɗu, Suwaiba sittin, Maigandi goma sha ɗaya.

Haliru, mai gyaran injin ban-ruwa, abokinsa tun firamare wanda ba ya raga masa, ya leƙo rumfar ya ce, "Janar, ashe dai kai annabin siyasa na. Ka ce raƙumi shina hin ta, ga shi kau ya hi ta."

"Wasa na mutane ka yi. Gobe hankali na dawo musu."

Gobe ta yi, Sannu ya haura ɗari da hamsin. Maigandi ya rufe rumfa ya garzaya makarantar Malam Obadiah, ya same shi a gindin darbejiya yana duba takardun yara.

"Malam, a cire dabbar ga."

Malam Obadiah ya zaro takardar dokoki daga aljihu, ya gyara tabarau. "Doka ta uku. Duk wanda ya goge ƙuri'a ko ya taɓa ta bayan an buɗe, an kore shi daga ƙungiya har abada. Har abadan ma ka ja mata layi biyu."

"To ai ba ɗan ƙungiya ba na."

"Doka ta biyu. Ɗan ƙungiya shi ne duk wanda aikinsa ya shafi albasa ta kowace hanya. Na tambaye ka me ya sa ka faɗaɗa ta haka, ka ce don kai ba ka da gona, wayar manoma kake yi wa caji. Tsakaninka da Allah, Maigandi, kai da raƙumin nan wa ya fi shafar albasa?"

"Ba shi da shekarun takara."

"Mode ya ce ya ba ashirin baya. Kuma doka ta biyar ta ce wanda ya ci ya ci, ko wane ne."

Maigandi ya fito yana zagin wanda ya rubuta dokokin, sai da ya kai bakin titi ya tuna.

Kafin ya koma rumfa, Haliru ya buɗe wa raƙumin shafi. Ya sa hotonsa da hula zanna a tsakanin kunnuwa, ya rubuta a ƙasa: Bai taɓa yin alkawari ba, bai taɓa saɓawa ba. Samarin Goronyo suka ƙara da cewa ɗan takararsu na kwana bakwai bai sha ruwa ba, balle ya sha kuɗin ƙungiya. 'Yan matan ƙauyen Rara suka yi masa waƙa da tafi. Wasu da ba su taɓa zuwa taron ƙungiya ba suka riƙa roƙon a saka su cikin zaure, don kawai su dangwala wa mai tozo.

Abin da ya fi ƙona wa Maigandi rai shi ne sunan. Ya fito da safe, mai shayi ya ce, "Sannu, Janar." Ya tsaya cak. "Kai ma?" Mai shayi ya riƙe ludayi yana kallonsa. Direban da ya kawo waya caji ya ce, "Sannu da aiki," Maigandi ya mayar masa da wayarsa ya ce ba ya caji ga 'yan adawa. Kafin azahar ya kori mutum tara. Ya rubuta da alli a jikin rumfa cewa an hana yaƙin neman zaɓe a nan, a yi sallama kawai a wuce.

Da ya isa gida, kakarsa Inno na tsintar wake a tsakar gida. Ta ɗago ta ce, "Sannu da zuwa, maigidana."

"Inno, har cikin gida? Nawa sunka ba ki?"

"Su wa?"

"Mutanen raƙumi."

Inno ta ci gaba da tsintar wakenta. "Ni ban da waya. Amma da ina da ita, shi zan ba. Ya taɓa kawo mani itace har ƙohwar gida. Kai mi ka taɓa kawo mani ban da labarin Amurka?"

A rana ta uku Maigandi ya yanke shawarar tona asirin abokin hamayyarsa. Ya ce babu ɗan siyasar da ba shi da abin ɓoyewa. Ya ji Mode ya kai kaya Goronyo, ya hau mota ya bi su. Ya iske raƙumin a bayan kasuwa, kusa da magudanar ruwan noman rani, Mode ya tafi neman fura. Maigandi ya laɓe bayan wani amalanke ya kunna waya kai tsaye. Allah ya ba shi sa'a: Sannu ya miƙa wuya ta saman dangar wani gida ya kama reshen zogale ya shiga zuga.

"Jama'a ku gani da idonku," in ji Maigandi da murya ƙasa-ƙasa, yana ja da baya don hoton ya ɗauki dangar duka. "Ga wanda kuka so ku ba amanar ƙungiya. Tun bai hau kujera ba ya hwara cin haƙƙin talakawa. Ni Janar, idona ba ya barin komi, ina ganin gaba ina ganin ba—"

Bai ga baya ba. Magudanar ta karɓe shi har wuya. Wayoyin tsaro biyu suka nutse, mai aikin kuwa ya ɗaga ta sama da hannu ɗaya, ta ci gaba da nuna wa mutum ɗari huɗu sararin sama, da kukan Janar yana neman a kawo igiya, sannan fuskar Sannu ta leƙo daga sama da ganyen zogale a baki. Mode ne ya zo ya jefa masa akalar raƙumin, Sannu ya ja shi waje a hankali, yadda yake yin komai.

Kafin rigarsa ta bushe, mai gidan zogalen, wata mata mai suna Larai, ta yi nata bidiyon a gindin bishiyar. Ta ce ta yafe, domin shi dai wannan da rana tsaka ya ci, a gaban kowa, kuma reshe ɗaya ya ɗauka ya bar mata sauran. Haliru ya ɗora hoton ceton ya rubuta: Har abokin hamayya yana tsamowa. Ƙuri'un Maigandi suka sauko daga goma sha ɗaya zuwa bakwai.

Rana ta biyar ya tafi Rabah wurin Suwaiba. Ya same ta tana juya yankakkiyar albasa a kan tabarmi, idonta ja, ba a san na albasa ba ne ko na gajiya. Kwana huɗu ke nan tana bin ƙauyuka, Sisawa, Rara, Dinawa, tana tara matasa a gindin bishiya tana nuna musu hoton ramin kwalbati da adadin buhunan da suka ruɓe bara. Da haka ta kai ɗari biyu da tamanin, tana bin raƙumin a baya da tazarar arba'in.

"Na zo da maslaha," in ji Maigandi. "Mu haɗa kai mu kada shi. Ki janye mani."

Suwaiba ta dube shi ta dubi wayarta. "Kana da bakwai."

"Bakwai masu inganci."

"Yanzu sun koma shida. Maigandi, wanga abu ya wuce wasa. Sati mai zuwa 'yan takara za su zo. In babu mai zama da su, sai bayan shekara huɗu, kuma damina ba ta jiran kowa. Ka yi bidiyo ka ce wa mutane kuskure ka yi."

"Janar ba ya kuskure. Dabara ta. Za ki gani ranar muhawara."

"Wace muhawara?"

"Wadda na kira yanzu."

Ranar ƙarshe, wadda za a rufe ƙuri'a da ƙarfe biyar na yamma, filin firamaren Wurno ya cika har kan katanga. Tun da aka kafa ƙungiyar ba a taɓa tara rabin wannan jama'a ba. An zo daga Goronyo cikin motocin albasa, an zo daga Rabah a kan babura, kowa waya a hannu. Aka ajiye kujeru biyu, Mode ya durƙusar da Sannu a gefensu, ya miƙa wa Malam Obadiah akala ya tafi masallaci sallar la'asar.

Suwaiba ta yi magana minti goma. Ta faɗi faɗin ramin, ta faɗi yawan siminti, ta ce duk ɗan takarar da ya zo sai ya yi alkawarinsa a gaban waya don a ajiye masa. Tana zama, aka ga kawuna sun sunkuya, yatsu na motsi. Malam Obadiah ya duba ya sanar: Sannu ɗari uku da talatin da ɗaya, Suwaiba ɗari uku da talatin da ɗaya, Maigandi huɗu.

Maigandi ya tashi da takardar manufofinsa mai shafi goma sha biyu. Ya tsaya a gaban raƙumin ya nuna shi da ita.

"Ina tambayar abokin takarata, mi na na manuhwarka kan kwalbatin Dinawa?"

Sannu ya ci gaba da tuƙa.

"Kun gani? Ba shi da amsa."

"Nazari shikai," in ji Haliru daga cikin taro. "Ba ya magana sai ya tauna ta."

"To mi za ka ce kan ruwan dam?" Maigandi ya matsa yana kaɗa takardar a hancinsa. Sannu ya buɗe leɓe ya karɓe ta, ya cinye shafi goma sha biyu yana lumshe ido.

"Ya karɓi manuhohinka duka," in ji Haliru. "Ba ɗan takarar da ya taɓa yi maka haka."

Fili ya ɗauki dariya. Maigandi ya duba agogo, biyar saura minti goma. Ya ce a ransa magana ta ƙare, sai aiki. Mutanen waya hoto suke bi, kuma babu hoton da zai fi na Janar a kan abokin hamayyarsa. Ya tattare riga ya haye bayan raƙumin, ya buɗe shafin ƙuri'a ya ɗaga waya sama.

"Ku duba da kyau ku ga wa ad bisa, wa ak ƙasa. Yanzu kowa ya ɗauko wayatai ya danna nan, inda sunana—"

Sannu ya ji nauyi a bayansa. Shekara ashirin, in ya ji nauyi, abu ɗaya ya sani. Ya miƙe da ƙafafun baya, Maigandi ya zube gaba ya rungumi wuya. Ya miƙe da na gaba, Maigandi ya koma baya ya cafki tozo da hannu biyu, wayar a matse tsakanin tafinsa da gashin raƙumi. Akalar ta zame daga hannun Malam Obadiah, wanda bai taɓa riƙe abin da ya fi alli ba.

Sai wata yarinya a gaba ta ce, "Sannu ya ƙaru da guda."

Malam Obadiah ya taɓa wurin da ke nuna sunayen masu zaɓe, ya karanta, ya cire tabarau ya goge ya sake karantawa. Ya ɗauki lasifika. "Sannu ɗari uku da talatin da biyu. Maigandi uku. Ƙuri'ar da ta tashi daga wurin Maigandi ta koma wurin Sannu, ta Maigandi ce."

Raƙumin kuwa ya juya ya nufi ƙofar makaranta, ya kama hanyar kasuwa, inda ya saba kai kaya. Bai yi sauri ba. Jama'a suka bi shi a hankali, mutum ɗari shida, har da masu sayar da gyaɗa. Suwaiba ta tattara mayafi ta jera da shi tana ɗaga kai.

"Maigandi, saura minti shida. Ka canza ta. Ban ce ka ba ni ba, maida ta ga kanka."

"In na saki hannu na hwaɗi."

"Hannu guda kawai."

"Ba ki ga nisan ƙasa ba daga nan."

"To jeho mani wayar."

"Akwai sirrin ƙasa cikinta."

Haliru ya ce a gwada ce masa ya durƙusa. Mutum ɗari shida suka gwada, kowa da irin kalmar da ya taɓa ji a bakin masu raƙuma, wani da Hausa, wani da Fillanci, wani har da Larabci. Sannu ya wuce tashar mota, ya wuce rumfar caji, ya wuce ƙofar gidan su Maigandi, inda Inno ke tsaye ta sa hannu a goshi tana kallo.

"Yau dai ya ɗauko kayan da ba mai saye," ta ce.

Malam Obadiah na biye yana kallon agogo. A daidai rumfunan 'yan albasa ya ɗaga lasifika ya ce ƙarfe biyar ta yi, an rufe. Nan ne kuma Sannu ya ga ya iso, ya durƙusa da kansa, ya sauke Janar a kan tarin ɓawon albasa.

An yi muhawara a wurin har rana ta yi ja. Wasu suka ce a sake zaɓe, Malam Obadiah ya nuna doka ta biyar. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa Sannu ne shugaba, Suwaiba mataimakiya, kuma duk aikin da ke bukatar baki ko hannu ita za ta yi. Mode, da ya iso daga masallaci aka ba shi labari, ya ce shi ba ya siyasa, kuma ba zai bar fadama ya riƙa raka raƙumi taro ba. Aka nemi wanda zai riƙe akala. Haliru ya ce ai a siyasa wanda ya tsayar da mutum, ya kuma ba shi ƙuri'ar da ta kai shi, shi ne na hannun damansa. Hannaye suka tashi sama, ba a ma bukaci waya ba.

Ranar zama da 'yan takara, a wani ɗakin taro a Rabah, Suwaiba ta riƙe su awa uku. Labarin raƙumin ya riga su isa, sun ga yawan matasan da suka cika harabar, don haka kowannensu ya tsaya a gaban waya ya faɗi watan da zai gyara kwalbatin Dinawa, aka ajiye.

Maigandi na waje a rana, akala a hannun hagu, waya a hannun dama, yana magana kai tsaye.

"Ku tambayi tarihi. Tun da anka hwara zaɓe, wa ya taɓa ɗaukar raƙumi daga fadama ya kai shi kujera cikin kwana bakwai? Tsari na, tun ranar hwarko. Duk mai son takara ya same ni rumhwa, amma a bi layi."

Malam Obadiah ya leƙo daga ƙofar ɗakin taro ya dubi ƙasa, ya dubi raƙumin, ya tafi ya dawo da tsintsiya da kwandon shara.

"Janar," ya ce, "shugaba ya ajiye saƙo a bakin ƙofa, kuma baƙi za su fito yanzu."

Maigandi ya dubi saƙon, ya juya wayar ta kalli bango.

"Jama'a, ku ɗan dakata," in ji shi. "An kira ni ganawar sirri."